Manufofin Koyo a Kwas ɗin Makaniks na Shekarar Farko: Tsari da Harshe

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da zai shiga aji yana da tambaya guda da ya kamata ya amsa kafin ya ɗauki alli: mene ne ɗalibai za su iya yi a ƙarshen darasi wanda ba su iya ba a farkonsa? Amsar wannan tambaya ita ake kira manufar koyo. Wannan babi ya ɗauki kwas ɗin makaniks, wanda ɗaliban fiziks ke fara karo da shi a shekarar farko a kwaleji ko jami'a, domin nuna yadda ake tsara irin waɗannan manufofi. An zaɓi wannan kwas ne saboda dalilai biyu. Na farko, yana cikin kwasa-kwasan da aka fi yin bincike a kan yadda ɗalibai ke koyon su. Na biyu, kalmomin da ya ginu a kansu, irin su ƙarfi da nauyi da sauri da aiki, kalmomi ne na yau da kullum a bakin Bahaushe, alhali ma'anarsu a kasuwa ta sha bamban da ma'anarsu a ɗakin gwaji. Malamin Hausa da za a nemi ya fassara littafin kimiyya, ko ya taimaka wa abokin aikinsa wajen yi wa aji bayani da harshen uwa, dole ne ya ci karo da wannan matsala.

2.0 Makaniks da Abin da ya Ƙunsa

Makaniks reshe ne na fiziks da ke nazarin motsin abubuwa da kuma abin da ke sauya wannan motsi. Harsashinsa na zamani ya samu ne daga ayyukan Galileo na ƙasar Italiya, wanda ya wallafa bayaninsa a kan faɗowar abubuwa a shekarar 1638, da kuma Niyuton na ƙasar Ingila, wanda ya shimfiɗa dokokin motsi guda uku a littafinsa na shekarar 1687. Kwas ɗin shekarar farko yakan ƙunshi awo da ma'aunai, da bayanin motsi, da dokokin Niyuton, da aiki da makamashi, da karon abubuwa, sai kuma juyi.

Domin sauƙin bayani, a wannan babi za a yi amfani da “ƙarfi” da ma'anar turi ko ja. “Sauri” shi ne nisan da abu ya ci a cikin wani lokaci, idan kuma aka haɗa da inda ya dosa sai a ce “sauri mai alƙibla”. “Sauyin sauri” shi ne yadda sauri mai alƙibla ke canzawa a kowace sakan. Kalmar aro “mas” kuwa tana nufin yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilogiram. Za a dawo kan dalilin wannan zaɓi a sashe na 6.0.

3.0 Ma'anar Manufar Koyo

Ɗalibai masu koyon aikin malanta sukan rikita manufa da jerin batutuwa. “Dokokin Niyuton” batu ne, yana nuna abin da malami zai koyar. Manufa kuwa jimla ce da ɗalibi yake matsayin aikau a cikinta, kuma aikatau ɗinta aiki ne da ido zai iya gani ko kunne ya ji.

Robert Mager, a littafinsa na shekarar 1962, ya nuna cewa cikakkiyar manufa tana da sassa uku: aikin da ɗalibi zai yi, da sharaɗin da zai yi shi a ƙarƙashinsa, da mizanin da za a auna shi da shi. A dubi waɗannan jimloli biyu:

(a) Ɗalibai su fahimci dokokin Niyuton.

(b) Idan aka ba ɗalibi hoton amalanke da ake turawa a kan hanya mai gangara, ya zana kibiya ga kowane ƙarfi da ke aiki a kanta, ya faɗi abin da ke haddasa shi, ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba, kuma ba tare da ya ƙara wanda babu shi ba.

Jimla ta (a) ba ta gaya wa malami irin tambayar da zai yi ba, domin fahimta a zuciya take. Jimla ta (b) kuwa ta ƙunshi sharaɗi da aiki da mizani, har ma malamai biyu da ba su san juna ba za su iya duba amsar ɗalibi su yanke hukunci iri ɗaya.

Bugu da ƙari, manufofi suna da matakai. Benjamin Bloom da abokan aikinsa sun jera matakan tunani guda shida a shekarar 1956, sannan Lorin Anderson da David Krathwohl suka jagoranci yi wa jerin kwaskwarima a shekarar 2001. Matakan a sabon jeri su ne tunawa, da fahimta, da aiki da ilimi, da ƙalailaicewa, da yanke hukunci, da ƙirƙira. Kowane mataki yana da aikatau da suka dace da shi. “Ambata” da “jero” na matakin tunawa ne, “bayyana dalili” da “bambance” na matakin fahimta, “lissafa” na matakin aiki da ilimi, “tsara gwaji” kuwa na matakin ƙirƙira. Kwas ɗin da dukkan manufofinsa suka tsaya a kan “ambata” da “lissafa” zai yaye masu hadda ne kawai.

4.0 Fahimtar da Ɗalibi ke Zuwa da Ita

Babu ɗalibin da ke shiga ajin makaniks da kai fayau. Tun yana yaro yake jifa da dutse, yake tura baro, yake hawa keke, kuma daga nan ya gina wasu ƙa'idoji da ya yi imani da su ba tare da ya taɓa furta su ba. Mafi ƙarfi a cikinsu ita ce cewa abu ba ya tafiya sai da ƙarfin da ke tafiyar da shi, domin ya ga baro yana tsayawa da zarar an daina turawa. Wannan tunani yana da daɗaɗɗen tarihi. Aristotil na ƙasar Girka ya koyar da makamancinsa, tare da cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa. Daga baya Ibn Sina, da kuma Jean Buridan a ƙarni na 14, suka yi bayanin cewa mai jifa yana cusa wa dutse wani abu da ke ci gaba da tafiyar da shi bayan ya bar hannu.

Abin da bincike ya gano shi ne cewa laccar aji ba ta cika kawar da wannan tunani ba. A shekarar 1985, Ibrahim Halloun da David Hestenes na Jami'ar Jihar Arizona a Amurka sun nuna cewa ɗalibai da yawa suna gama kwas ɗin da irin tunanin da suka shigo da shi. A shekarar 1992, Hestenes da abokan aikinsa biyu suka fitar da wani gwaji na auna fahimtar ƙarfi, wanda tambayoyinsa ba sa buƙatar lissafi ko kaɗan. Eric Mazur na Jami'ar Harvard ya gwada ɗalibansa da tambayoyi irin waɗannan a farkon shekarun 1990, ya tarar cewa masu iya warware lissafi mai wuya suna tuntuɓe a kan tambayoyin fahimta. Sannan a shekarar 1998, Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai 6,542 daga kwasa-kwasai 62. Ya gano cewa a azuzuwan da aka dogara da lacca, ɗalibai sun cike kimanin kashi 23 cikin 100 na giɓin da ke tsakanin makinsu na farko da cikakken maki, alhali a azuzuwan da ake sa su tattaunawa da hasashe da gwaji sun cike kimanin kashi 48.

Darasin da ke cikin wannan a fili yake. Babbar manufar kwas ɗin makaniks ita ce ɗalibi ya sauya yadda yake bayanin motsi, kuma wajibi ne a rubuta wannan manufa ɓaro-ɓaro, a kuma auna ta. In ba haka ba, ɗalibi zai ci jarrabawa da haddar ƙa'idojin lissafi, ya karɓi takardar shaida, ya je ya koyar da yara kuskuren da ya shigo da shi.

5.0 Manufofin Kwas ɗin

5.1 Awo da Ma'aunai

A ƙarshen wannan kashi, ɗalibi ya iya juya adadi daga wani ma'auni zuwa wani, kamar mayar da kilomita 72 a awa zuwa mita 20 a sakan, kuma ya riƙa rubuta ma'auni tare da kowace amsa. Ya kuma bayyana dalilin da ya sa kimiyya ta dogara da mita da kilogiram da sakan, wato tsarin ma'aunai na duniya da aka amince da shi a shekarar 1960, maimakon mudu da kamu da taki waɗanda ke bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa ko daga mutum zuwa mutum. Sakaci a nan yana da tsada: a shekarar 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare na masu aikin ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗayan kuma da na mita.

5.2 Bayanin Motsi

Ɗalibi ya bambance nisa da sauri da sauyin sauri, ya kuma iya karanta zanen giraf na tafiyar mota ya faɗi inda ta ƙara gudu da inda ta rage da inda ta tsaya. Ya lissafa motsin abin da ke faɗowa, bisa sanin cewa saurinsa yana ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a sakan cikin kowace sakan idan aka ɗauke tasirin iska. Misali, dutsen da aka saki a bakin rijiya ya taɓa ruwa bayan sakan 2 ya ci mita 19.6. A matakin fahimta kuwa, ya bayyana halin dutsen da aka cilla sama a daidai lokacin da ya kai ƙololuwa: saurinsa sifili ne, amma jan ƙasa bai daina aiki a kansa ba, shi ya sa yake juyowa. Haka kuma ya bayyana dalilin da ya sa guduma da gashin tsuntsu suka isa ƙasa tare lokacin da David Scott ya sake su a duniyar wata a shekarar 1971, inda babu iska.

5.3 Dokokin Niyuton

Nan ne zuciyar kwas ɗin, kuma nan ya kamata a fi daɗewa. Doka ta farko tana cewa abu zai ci gaba da zama a tsaye, ko ya ci gaba da tafiya a miƙe da sauri guda, muddin jimillar ƙarfin da ke aiki a kansa sifili ce. Manufar da ta dace ita ce ɗalibi ya yi amfani da dokar ya bayyana abin da ya saba gani. Baro yana tsayawa ne saboda gogayya tana aiki a kansa, kuma fasinja yana tunkuɗa gaba idan direba ya taka birki saboda jikinsa yana ci gaba da tafiyar da yake yi, alhali motar ta rage gudu.

Doka ta biyu tana cewa jimillar ƙarfi daidai take da mas a ninka da sauyin sauri. Ɗalibi ya zana kowane ƙarfi da ke aiki a kan abu, ya haɗa su bisa alƙiblarsu, sannan ya lissafa. Ya kuma gane cewa motar da ke tafiya a miƙe da sauri guda jimillar ƙarfin da ke kanta sifili ce, duk da cewa injinta yana aiki, domin turin da take samu ya yi daidai da gogayya da turjiyar iska.

Doka ta uku tana cewa idan wani abu ya tura wani, shi ma wancan yana tura shi da ƙarfi daidai wa daida ta kishiyar alƙibla. Idan tirela ta yi karo da babur, mafi yawan ɗalibai za su ce tirelar ce ta fi bugu da ƙarfi. Manufa a nan ita ce ɗalibi ya bayyana cewa ƙarfin ɗaya ne a ɓangarorin biyu, kuma ɓarnar ta fi yawa ga babur ne saboda ƙarancin mas ɗinsa ya sa saurinsa ya sauya fiye da na tirela nesa ba kusa ba.

A ƙarƙashin wannan kashi ne ake sanya motsin da'ira. Ɗalibi ya yi hasashen hanyar da dutsen majajjawa zai bi idan aka sake shi, ya kuma kafa hujja. Igiya ce ke jan dutsen zuwa tsakiya, kuma da zarar an sake ta sai ya miƙe ta inda ya fuskanta a wannan lokaci.

5.4 Aiki da Makamashi

Ɗalibi ya lissafa aiki a matsayin ƙarfi a ninka da nisan da aka ci ta alƙiblar ƙarfin. Mai jan guga mai kilogiram 10 daga rijiya mai zurfin mita 20 ya yi aiki na jul 1,960, kuma idan ya gama cikin sakan 40, saurin aikinsa wat 49 ne. Ya kuma bi sawun makamashi yayin da yake sauya kama, kamar a lilo, inda makamashin da tsayi ya ajiye ke komawa na motsi. Manufa mafi amfani ga rayuwa a nan ita ce ɗalibi ya nuna cewa ninka gudu sau biyu yana ninka nisan birki sau huɗu. Motar da birkinta ke rage mita 5 a sakan cikin kowace sakan za ta tsaya bayan mita 10 idan tana gudun kilomita 36 a awa, amma sai ta ci mita 40 idan tana gudun kilomita 72.

5.5 Karo da Juyi

Ɗalibi ya bayyana cewa tsawaita lokacin tsayawa yana rage ƙarfin bugu, wanda shi ne hikimar ɗamarar kujerar mota da hular kwano, kuma shi ya sa mai tsaron gida yake janye hannuwansa baya idan ya cafe ƙwallo. A ɓangaren juyi, ya bayyana dalilin da ya sa mai faci ke zura bututu a hannun sifana idan noti ya ƙi kwancewa: tsawon hannu yana ƙara tasirin juyi ko da ƙarfin bai ƙaru ba.

5.6 Ɗakin Gwaji

Gani ya kori ji. Ɗalibi ya rubuta hasashensa kafin gwaji, ya yi awo fiye da sau ɗaya, ya ƙiyasta kuskuren awonsa, sannan ya rubuta rahoto da ke raba abin da ya gani da abin da ya zata. Rashin kayan aiki ba hujja ba ce a kowane lokaci, domin da zare da ɗan dutse da agogo za a iya nuna cewa tsawon zare ne ke ƙayyade lokacin kaiwa da komowar lilo, nauyin dutsen ba ya sauya shi.

6.0 Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi

Manufa ba ta tsayuwa sai kalmominta sun tsaya, kuma a nan ne aikin malamin harshe ya fito. Kalmar “nauyi” a Hausa ta haɗe abubuwa biyu da fiziks ya raba. Buhu mai kilogiram 50 mas ɗinsa ɗaya ne a duk inda aka kai shi, amma nauyinsa, wato ƙarfin da ake jan sa da shi, niyuton 490 ne a doron ƙasa, kimanin niyuton 80 kuma a duniyar wata. Idan mai fassara ya kira su duka “nauyi”, manufar bambance su ta rushe tun a kan takarda.

Haka abin yake ga “ƙarfi”. Bahaushe yakan ce ƙarfin doki, ƙarfin inji, ƙarfin abinci, alhali fiziks ya raba turi ko ja daban, makamashi daban, saurin aiki daban. Aro ma ba ya warware matsalar koyaushe, domin kalmar Ingilishi ta saurin aiki, idan aka daidaita ta da furucin Hausa, za ta fito “fawa”, ta yi karo da sunan sana'ar mahauta a rubuce. Kalmar “aiki” ita ma tana buƙatar lura. Ɗan dako da ya tsaya cik da buhu a ka yana shan wahala, amma a ma'anar fiziks bai yi aiki a kan buhun ba tunda bai gusar da shi ba.

Akwai kuma fassarar da ke shuka kuskure da kanta. Ana yawan kiran jan ƙasa “maganaɗisun ƙasa”, alhali maganaɗisu yana jan ƙarfe ne ya bar itace, jan ƙasa kuwa yana aiki a kan duk abin da ke da mas. Kalmar “daƙiƙa” ma tana da ruɗani, domin a Larabci minti take nufi, amma Hausawa da yawa suna amfani da ita da ma'anar sakan.

Hanyoyin samar da keɓaɓɓun kalmomi sanannu ne: aro, da faɗaɗa ko taƙaita ma'anar kalmar gida, da harɗantawa, da fassarar bayani. An bi irin waɗannan hanyoyi a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a shekarar 1990. Ko wace hanya aka bi, ƙa'idar ita ce kowace ma'ana ta sami kalmarta guda, a bayyana ta a farkon amfani, a kuma tsaya a kanta har ƙarshen littafi.

7.0 Auna Manufofi

Kowace manufa tana buƙatar tambayar da ta dace da matakinta. Idan manufa ta ce “bayyana dalili”, tambayar da ke neman sanya lambobi a ƙa'idar lissafi ba ta auna ta ba. Yana da kyau malami ya yi gwajin fahimta a makon farko, ya maimaita shi a makon ƙarshe, domin bambancin sakamakon ne ke nuna abin da kwas ɗin ya ƙara. Haka kuma ya raba wa ɗalibai jerin manufofin tun ranar farko, saboda su san abin da ake nema daga gare su.

8.0 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa manufar koyo jimla ce mai aiki da sharaɗi da mizani, kuma a kwas ɗin makaniks babbar manufa ita ce ɗalibi ya iya bayanin motsi bisa dokokin Niyuton a maimakon tunanin da ya tashi da shi. An kuma ga cewa kalmomi irin su nauyi da ƙarfi da aiki suna iya toshe wannan manufa idan ba a tantance su ba. Wannan tsari yana aiki a darasin nahawu ko adabi kamar yadda yake aiki a fiziks.

Tambayoyin Bita

1. Kawo sassa uku na cikakkiyar manufa, tare da misali daga darasin Hausa.

2. Sake rubuta wannan jimla ta zama manufa mai aunuwa: “Ɗalibai su san jan ƙasa.”

3. Bayyana bambancin mas da nauyi da Hausar da ɗan ƙaramar sakandare zai gane.

4. Tattauna illar fassara jan ƙasa da “maganaɗisun ƙasa”, sannan ka kawo wata fassara makamanciyarta da ke iya ɓatar da ɗalibi.